Tsohuwar Windows: gidan da magini ya daina zuwa yaɓe

A shagon Kawuna, kan hanyar da ke fita zuwa jami'ar Usmanu Danfodiyo, akwai wata kwamfutar tebur da ta kusa sa'ar yaron da ke buga takardu a kanta. Baƙa ce a da, amma ƙurar hunturu ta shekaru ta mayar da ita ruwan ƙasa. An cire murfin gefenta tun wata bazara da zafi ya dinga kashe ta da rana tsaka, aka kafa mata 'yar fanka tana hura mata ciki. Windows 7 ce a kanta. Da ita ake buga kundin ɗalibai 'yan ajin ƙarshe, da katin ɗaurin aure, da takardar neman aiki, da kalandar Maulidi. Da ita kuma, har kwanan baya, ake shiga shafin makaranta a biya kuɗin rajista, a cike fom ɗin neman tallafin karatu, a buɗe wa mutum imel ɗinsa a fitar masa da takarda.

Ranar da na ce masa, "Kawu, wannan Windows ɗin fa kamfanin da ya yi ta ya daɗe da sakin ta," sai ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "To su sake ta mana, ɗan nan. Ni na sake ta? Wagga kwamfuta tun kana sakandare take ci da mu. Da tsohuwaz zuma aka magani."

Ban iya ƙaryata shi nan take ba, domin rabin maganarsa gaskiya ce. Sauran rabin ne ya ɗauke ni watanni ina masa bayani.

Idan aka ce kamfani ya daina tallafa wa babbar manhaja, wato wadda ke tafiyar da kwamfutar gaba ɗaya, ba ana nufin za ta mutu ba. Ba wanda zai danna wani maɓalli daga Amurka allonka ya yi baƙi. Abin da ke tsayawa shi ne faci. Kamfanin Microsoft yana fitar da gyare-gyaren tsaro a ranar Talata ta biyu ta kowane wata, yana toshe kafofin da aka gano a cikin Windows. Windows XP, wadda ta fito a 2001, an daina yi mata wannan facin a ranar 8 ga Afrilu 2014. Windows 7 ta fito a 2009, aka yanke mata a ranar 14 ga Janairu 2020, sai manyan ma'aikatu da suka biya kuɗi aka ƙara musu zuwa Janairu 2023, lokacin da Windows 8.1 ita ma ta bi sahu. Ta baya-bayan nan, wadda ta fi shafar mutane da yawa, ita ce Windows 10: ta fito a Yuli 2015, wa'adinta ya cika a ranar 14 ga Oktoba 2025.

Wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san yadda abin yake. Ranar da magini ya daina zuwa yaɓe, katanga ba ta faɗuwa. Daminar farko ma ta wuce lafiya, har mai gida ya fara cewa ashe dā asarar kuɗi yake yi. Ruwa dai yana ci a hankali, ta gindi, inda ido ba ya kaiwa.

Amma kafin a kai ga ruwan, ya kamata a ba Kawu haƙƙinsa, domin masu rubutu kan wannan batu sukan yi kamar duk mai riƙe da tsohuwar Windows jahilci ne ko rowa ke damunsa. Ba haka ba ne.

Abu na farko, ƙarfin na'ura. Windows 7 tana tashi da ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, gigabait 1 ko 2. Windows 11 ba ta karɓar ƙasa da gigabait 4, kuma duk wanda ya gwada ta a kan 4 ɗin ya san tafiyar hawainiya take yi. Kwamfutar Kawu gigabait 2 gare ta, amma kafin yaron shago ya gama goge tebur ta gama tashi, CorelDRAW X3, wanda ake zana kati da shi, ya buɗe, aiki ya kankama. Tsohuwar manhaja a kan tsohuwar na'ura kamar takalmi ne da ƙafar da ta saba da shi. Ka ɗora mata sabuwa, ka ga abin da ya fi gurguntaka.

Na biyu, kuma wannan ne ya fi zafi a wurinmu, data da wuta. Sabuwar Windows ba ta neman izini kafin ta fara jan sabuntawa. Ka haɗa ta da wayarka don ka tura saƙo guda, ka waiga ka tarar ta shanye ɗaruruwan megabait, wani lokaci fiye da gigabait. Sannan ta zaɓi lokacin da aka ɗauke wuta, janareto na shan fetur, ɗalibai biyar na tsaye suna jiran aikinsu, ta ce kada a kashe ta tana gyaran kanta. Wanda ya tsara wannan ɗabi'a bai taɓa sayen fetur a galan don ya buga shafi ashirin ba. Windows 7 da aka daina yi wa faci ba ta da wannan fitina. Ba ta jan komai, ba ta sake kunna kanta, ba ta canza wurin da maɓalli yake cikin dare. Yadda ka bar ta jiya haka za ka same ta yau, kuma ga mai sana'a wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ba ta kuma tilasta maka buɗe asusun Microsoft kafin ka fara aiki, kamar yadda Windows 11 ke nema tun wajen girkawa, ba ta cusa maka talla a jerin manhajoji.

Na uku shi ne kayan da ke jingine da ita. Kwamfuta ba ita kaɗai take aiki ba. Akwai firinta, akwai sikana, akwai injin buga katin shaida, akwai injin yanka sitika, akwai injin surfani na kwamfuta da teloli ke yi wa manyan riguna da kaftani aiki da shi. Kowanne yana buƙatar direbansa, wato 'yar manhajar da ke fassara tsakaninsa da Windows. Idan kamfanin da ya ƙera injin ya daina fitar da direba tun zamanin XP ko 7, to canza Windows yana nufin jefar da injin da ya ninka kwamfutar kuɗi sau da yawa. Wasu tsofaffin manhajoji ma sai a tsohon samfurin Windows mai bit 32 suke tashi, ita kuwa Windows 11 ba ta da irin wannan sam. Wannan ba matsalar Sakkwato kaɗai ba ce: masana'antu da ɗakunan gwaje-gwaje a ƙasashen da suka fi mu kuɗi suna riƙe da tsofaffin Windows saboda wannan dalilin.

Akwai kuma dalilan da ake kawowa waɗanda ba dalilai ba ne. Kawu ya daɗe yana cewa ba zai canza ba saboda haruffan Hausa masu lanƙwasa. Yana amfani da rubutun Rabi'at, wanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar tun kafin kwamfutoci su san ƙ da ɗ da ɓ da kansu, kuma ya ɗauka a jikin Windows 7 yake. Alhali fayil ne ƙarami da za a kwafa a kai kowace Windows. (Shi ne ma dalilin da ya sa wani lokaci za ka ga rubutun Hausa a intanet cike da baka-baka a wurin ƙ da ɗ: an buga shi da irin wannan rubutu, aka buɗe a inda babu shi.) Haka ma buga Larabci, sababbin Windows sun fi iya shi. Don haka kafin mutum ya ce "ba zai yiwu ba", ya zauna ya lissafa abin da gaske ba zai tashi a sabuwa ba. Sau da yawa abu ɗaya ne ko biyu.

To, ina ruwan yake ci?

Windows ba a sake gina ta daga tushe duk lokacin da aka sauya mata lamba. Kamar gidajen kwatas ne da ɗan kwangila ɗaya ya gina da zane ɗaya: an sauya fenti, an ƙara ɗaki, amma tagar bayan gida iri ɗaya ce. Wani ɓangare mai yawa na abin da ke cikin Windows 11 gadonsa ta yi daga 10, ita kuma daga 7, har zuwa baya. Saboda haka idan Microsoft ta fitar da faci a wannan watan, ɓarayin intanet sukan ɗauki facin su warware shi, su ga wace kafa aka toshe, sannan su je su duba ko kafar tana nan a tsohuwar Windows. Sau da yawa tana nan. Bambancin kawai, maƙwabcinka an zo an saka masa ƙarfe a taga, kai kuwa an sanar da duniya inda tagarka take ba a saka maka komai ba. Kowane wata jerin yana ƙaruwa, ba ya raguwa. Shi ya sa Windows 7 ta yau ta fi ta 2020 haɗari, ko da ba a taɓa komai a cikinta ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wannan bangon ba mai sake shafe shi.

Misalin da kowa ke kawowa shi ne na ranar 12 ga Mayu 2017, lokacin da wata cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe kusan 150, ta kama kwamfutoci sama da 200,000. Tana kulle fayilolin mutum ta nemi fansar dala 300 ta hanyar bitcoin. Ba ta buƙatar ka danna komai. Ta wata kafa da ke cikin tsarin raba fayil tsakanin kwamfutoci take shiga, kafar da hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA ta sani ta ɓoye, har wasu suka sace makamin da take shiga ta kafar da shi suka watsa shi. Asibitocin gwamnati a Ingila sun soke ganin likita kusan 19,000, kamfanin motoci na Renault ya tsayar da aiki a wasu masana'antunsa. Abin ya yi muni har Microsoft ta karya dokarta ta fitar wa XP faci na gaggawa, shekara uku bayan ta sallame ta. Ta sake yin haka a Mayu 2019 saboda wata kafar da aka laƙaba wa BlueKeep.

Sai dai akwai abin da masu kawo wannan misali sukan tsallake, kuma shi ne ya fi shafar mu. Mafi yawan kwamfutocin da WannaCry ta kama ba XP ba ne. Windows 7 ne, wadda a lokacin tana cikin tallafi, kuma an fitar da facin wannan kafar tun watan Maris, wata biyu kafin abin ya faru. Mutane ne kawai ba su saka ba. Ma'ana, Windows da ake yi wa faci amma mai ita ya rufe ƙofar karɓa, da wadda aka daina yi wa gaba ɗaya, duk jirgi ɗaya ya ɗebo su.

Yanzu ka tuna abin da ke faruwa idan ka sayi kwamfuta 'yar gwanjo, ko ka kai taka a yi mata sabon girki. Abu na farko da mai gyara zai yi, cikin kyautatawa, shi ne ya kashe sabuntawa, "don kada ta sha maka data, Alhaji." Na biyu, ya saka mata kirak don Windows da Office su daina neman lasisi, kuma kafin kirak ɗin ya shiga sai an kashe mai gadin kwamfutar, wato antibayaros, domin yana ganinsa a matsayin cuta. Wani lokaci ƙarya yake masa, wani lokaci gaskiya ya faɗa, kai kuma ba ka da hanyar bambancewa. Na sha ganin mutum yana yi wa mai Windows 7 dariya, alhali tasa Windows 10 ɗin rabonta da faci tun ranar da ta baro shago. Idan za a yi maganar nan da adalci, lambar da ke jikin Windows ba ita ce tambaya ba. Tambayar ita ce yaushe rabonta da faci.

Kafin ɓarawo ya zo ma, intanet ɗin kansa yakan fara juya wa tsohuwar Windows baya. Chrome, manhajar buɗe shafukan intanet da ake kira burawuza, ya tsaya a lamba 49 a kan XP tun 2016, ya tsaya a 109 a kan Windows 7 da 8.1 a farkon 2023. Takwaransa Firefox ya tsaya a 115. Burawuza kuwa ita ce ƙofar gida, ita ke karɓar duk baƙon da ya zo daga waje, don haka tsufanta ya fi tsufan komai illa. Sannan shafuka suna sauya irin makullin da suke amfani da shi. Kowace kwamfuta tana ɗauke da jerin takardun shaida da take gane shafi na gaskiya da su, kuma takardun suna da wa'adi. A ranar 30 ga Satumba 2021 wata babbar takarda da shafuka masu ɗimbin yawa suka dogara da ita ta ƙare, na'urorin da suka daɗe ba su karɓi sabuntawa ba suka wayi gari suna ƙin buɗe shafukan da suka buɗe jiya.

A shagon Kawu na ga yadda wannan ke lalata tarbiyyar mai aiki. Shafi ya fito da jan gargaɗi cewa haɗin ba amintacce ba ne, yaron shago ko karantawa ba ya yi, hannunsa ya riga ya san inda zai danna ya wuce. Na tambaye shi, ya ce, "Yaya, kullum haka take yi, in ka bi ta tata ba ka aiki." Da na duba, rabin matsalar ma ba ta Windows ba ce: ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke jikin allon uwa, wato babban allon cikin kwamfutar, ya mutu, duk lokacin da aka ɗauke wuta agogon kwamfutar sai ya koma shekarar da aka ƙera ta, ita kuma burawuza ta ga takardun shaida na shekarun da a lissafinta ba su zo ba. Batiri ɗaya ya gyara wannan. Abin da bai gyara ba shi ne hannun yaron. Gargaɗin da ake gani sau talatin a rana ya daina zama gargaɗi, kuma ranar da na gaske ya zo, shafin bogi da aka yi shi kamar na banki ko na makaranta, haka zai danna ya wuce.

Hujjar Kawu ta ƙarshe, wadda kusan kowa ke fakewa da ita, ita ce: "Mi gare ni da za a sata? Katin biki?" A nan ne muka fi daɗewa.

Na ce masa mu buɗe babban fayil ɗin da sikana ke zubawa. Muka buɗe. Takardun NIN na mutane ɗari da wani abu. Sakamakon WAEC da NECO. Takardun haihuwa, takardun shaidar ƙaramar hukuma, hotunan fasfo, takardun banki masu ɗauke da lambar asusu, har da takardar asibiti ta wata baiwar Allah. A burawuza kuma, imel ɗin mutane da kalmomin sirrinsu a ajiye, domin duk lokacin da ta tambaya ko ta adana, yaron "eh" yake dannawa. Da imel ɗin mutum da lambar NIN ɗinsa da ranar haihuwarsa da hotonsa, mai mugun nufi ya samu abin da zai fara neman bashi da sunansa, ko ya kira shi a waya ya ce daga banki ne, ya karanto masa bayanansa daidai har ya yarda ya ba da lambar da aka turo masa.

An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a wannan harka ba haka abin yake ba. Mai shago ne ya zaɓi ya zauna da tsohuwar Windows, ɗalibar da ta zo daga Gwadabawa ko Tambuwal ta biya kuɗin fom ita ruwan zai doka, kuma ba za ta taɓa sanin a ina aka ɗebi bayananta ba. Shi kansa mai shagon ba zai sani ba, domin cutar da ke satar kalmar sirri ba ta rage wa kwamfuta gudu, ba ta fito da hoto a allo. Wadda ke nuna kanta ita ce mai sauƙi. Tun Yuni 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ɗora wa mai sarrafa bayanan mutane nauyin tsare su. Amma ban kawo wa Kawu doka ba, don na san ba za ta motsa shi ba. Cewa na yi amana ce. Ya yi shiru, ya ce in sake buɗe fayil ɗin ya gani.

Wani zai ce to a saka antibayaros mana. A saka, yana da amfani. Sai dai shi mai gadi ne, ba katanga ba. Yana kama wanda ya gane fuskarsa ko wanda ya ga take-takensa, ba ya toshe ramin da ke gindin bango. Kuma kamfanonin antibayaros ɗin su ma ɗaya bayan ɗaya suke janyewa daga tsofaffin Windows.

Wani kuma zai ce a cire ta daga intanet, shi ke nan. Wannan ya fi kusa da gaskiya, kuma shi ne ra'ayina: tsohuwar Windows da ba ta taɓa intanet, tana aiki ɗaya da aka san ta da shi, ba ni da ja a kanta ko da XP ce. Telan da kwamfutarsa ba ta san komai ba sai zanen surfani, ya ci gaba da abinsa har ranar da na'urar ta gaji. Amma a shagon buga takardu akwai ƙofa ta biyu, filash. Kowane ɗalibi da nasa, kuma kowane filash ya kwana a kwamfutoci goma kafin ya iso. Duk wanda ya yi karatu a nan ya san cutar nan da ke ɓoye fayiloli ta bar maka gajerun hanyoyi a madadinsu, ka buɗe filash ana gobe za ka miƙa kundi ka ga wayam. Conficker ta 2008 ta bi ta filash. Stuxnet, wadda aka gano a 2010 bayan ta lalata injinan tace yuraniyom na Iran a Natanz, ita ma ta filash aka tsara ta shiga wuraren da ba su da intanet. Idan filash ya iya kai cuta can, shagon Kawu ba zai gagare shi ba. Bambancin dai, cutar da ta shiga kwamfutar da ba ta da intanet ba ta da hanyar aika abin da ta sata cikin sauƙi. Za ta iya ɓata aiki, amma ɓarnar ta fi tsayawa a gida.

Batun Windows 10 ya ɗan bambanta, kuma a nan ina ganin laifin ba na masu kwamfuta ba ne. Da aka sallami XP da 7, yawancin na'urori suna iya hawa ta gaba, ko da da ɗingishi. Windows 11, wadda ta fito a Oktoba 2021, ta zo da sharaɗin da ba a saya a kasuwa a ƙara: sai na'ura tana da guntun tsaro na TPM 2.0, sai kuma farosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, daga tsara ta takwas ta kamfanin Intel zuwa sama, ko makamancinta a kamfanin AMD. Tsara ta takwas a 2017 ta fara fitowa. Ka zaga shagunan kwamfuta a gari ka ga abin da ɗalibi ko ƙaramin ma'aikaci ke iya saya: HP EliteBook 840 G3, Dell Latitude E7440, ThinkPad T430 da 'yan uwansu, tsara ta uku zuwa ta shida. Na'urori ne masu ƙwari, wasu ma sun fi sababbi masu araha ƙarko, amma a hukumance ba su cancanta ba. Turai da Amurka suna sauke su, mu muna saye, wa'adin manhajarsu ya riga ya cika ko yana gab da cika tun suna cikin kwantena. Microsoft ta buɗe wa masu Windows 10 ƙarin shekara guda na facin tsaro zuwa Oktoba 2026, a kan dala 30 ko kyauta ga wanda ya haɗa kwamfutarsa da asusun Microsoft ya bi sharaɗinsu. Jinkiri ne, ba magani ba. Duk wanda zai sayi 'yar gwanjo yanzu, tambayar tsarar farosesa ta fi tambayar girman allo muhimmanci, kuma mai sayarwa ba zai fara faɗa maka ba.

Masu gyara suna da dabarar tsallake sharaɗin su girka Windows 11 a kan na'urar da ba ta cancanta ba, galibi da wata 'yar manhaja mai suna Rufus. Tana aiki, kuma a ganina ta fi zama babu faci. Sai dai Microsoft ta faɗa a fili cewa ba ta ɗauki alkawarin ci gaba da ba irin waɗannan na'urori sabuntawa ba, kuma babban sabuntawa na shekara-shekara yakan buƙaci a sake komawa wurin mai gyara.

Hanyar da ba a cika magana a kanta a nan ba ita ce Linux, wata babbar manhaja da ke maye gurbin Windows. Kyauta ce, ba kirak, ba lasisi. Linux Mint 22, misali, tana da faci har 2029, tana tashi da ram gigabait 2, kuma fuskarta ba ta da nisa da Windows 7. Ga wanda aikinsa burawuza ne, imel, cike fom, kallon darasi, ta wadatar har da saura. Amma kada a yi wa mai shago ƙarya: CorelDRAW ba ya tashi a kanta kai tsaye, kuma LibreOffice, wanda ke madadin Word, yakan ɗan gusar da tsarin shafi. Ɗalibin da malaminsa ke auna gefen takarda da rula ba zai yafe maka wannan ba. Sannan idan ta rikice, masu gyaran da suka san ta a gari ba su da yawa.

Abin da muka yi a shagon Kawu bai kai a kira shi dabara ba. Raba aiki muka yi. Tsohuwar ta ci gaba da zama da Windows 7 ɗinta da CorelDRAW ɗinta da firintarta, amma na zare mata 'yar na'urar da take kama intanet da ita na saka a aljihu. Na sauya mata batirin agogo, na cire tsohon had-dis mai ƙara na saka sabuwar ma'ajiya irin ta SSD, na buɗe wa yaron asusu marar ikon girka komai, na kwafe ayyukan shekaru a wani had-dis na waje da ke kwana a gida. Fayil ɗin sikana kuwa Kawu da kansa ya zauna ya goge, ya kafa doka cewa duk takardar da aka ɗauka a share ta kafin mai ita ya fita daga shago. Sannan muka samo wata tsohuwar laftof da ke ajiye saboda batirinta ya mutu, na saka mata Linux Mint, ita kaɗai ke shiga intanet, kuma ba ta adana kalmar sirrin kowa. Duk filash da ya shigo, a kanta ake fara buɗe shi, domin cututtukan Windows ba sa tashi a can, kuma ɓoyayyun fayilolinsu a fili suke bayyana.

Dokar filash ɗin ce ba ta zauna ba. Makon da ya wuce na leƙa da yamma, lokacin miƙa kundi, shago cike, janareto na ruri. Ina tsaye wani ɗalibi ya miƙo filash, yaron ya karɓa ya soka shi kai tsaye a tsohuwar. Muka haɗa ido. Ya ce, "Yaya, layi ya yi yawa." Kawu yana daga ciki yana ƙirga canji, bai ɗago ba, ya ce in na gama kallo in zo in duba masa laftof ɗin, wai tun safe take nuna wata 'yar garkuwa a ƙasan allo tana neman a sabunta ta, shi kuma bai san ko data nawa za ta ci ba.